Shibrar Gayaunarta

"Maigida, je ka gayaunata ka yanko mana shibra," in ji matarsa, jaririya na tsotson nonon da ba komai a ciki.

Bai motsa daga bakin ƙofa ba.

Kwana arba'in ke nan ruwa ya ɗauke a Damargu. Geron gandunsa, irin da ya gada wurin ubansa, ya tsaya jiran hadari har ya ƙone bai yi ciki ba. Shibra kuwa, geron banzan nan da ke tsirowa cikin shuka, ba ta jira. Malamin gona na Tanut ya taɓa ce wa manoma jininta ɗaya da gero, mai ba da umarni a cikinta ne daban. Da ta ji ƙishirwa sai ta bar ganye ta fid da kai. Dariya maigidan ya yi a ranar. Shekara ashirin yana tumɓuke ta, ana yabon tsabtar gonarsa. Yau maƙwabtan da yake kira ragwaye ita suke dakawa.

"Kullum kana yi mini faɗa a kanta," ta ce. "Bana nauyin ciki ya hana ni cire ta. Ka ga Allah ya rufa mana asiri, za ta kai mu wata guda."

Ta miƙo masa wuƙa. Tun da ta shiga jego ba ta leƙa gona ba.

Ya karɓa, ya dubi hannuwansa. Ranar da ta haihu, don ya faranta mata rai, a gayaunarta ya wuni. Bai bar ko tushe ɗaya ba.