Aljanar Gindin Gawo

Jikana yana da wasa cikin salula: aljani ya yi tambaya, yaro ya zaɓi amsa, labari ya bi bakinsa. In na gani sai zuciyata ta koma garinmu Barmu, shekarar da gero ya ƙi, ranar da Baba zai tafi Abijan neman abin da za mu ci.

Bayan azahar ne, jakarsa ɗaure da igiya. Ya zaunar da ni ya ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Inna ta ce, "Malam, gatana da rana tsaka?"

"Dare ba zai iske ni gida ba."

Cikin gatanar ya kai wata yarinya gindin gawo, aljana ta tare ta da tambaya: nono take so ko zinariya? Sai ya ce mini, "To ɗiyata, in ke ce, mi za ki ce mata?"

Na san in na amsa labari ya ƙare, in ya ƙare Baba ya ɗauki jaka.

Ya daɗe yana dubana. "Riƙe amsarki. Aljana ta iya jira."

Damina biyu aljanar ta yi tana jira gindin gawon nan. Ranar da Baba ya dawo, ko takalmi bai tuɓe ba ya ce, "To, mi kika ce mata?"