Gidan Farko na Gogo

Zayyanu bai ko fito ya buɗe mata ƙofa ba. Daga bakin kasuwar Utaiƙa ya yi ta danna hon, har Gogo ta lulluɓe buhunan yajinta da kuka da tsohon bargo, ta ja ƙafa ta zo ta shige kujerar baya. Warin daddawa ya cika motar. Ya sauke gilashi yana yatsine fuska.

Ya daɗe a Riyad yana aikin haris, wato mai kula da wani bene a unguwar Badi'a, kuma a ganinsa duk garin babu mai kai irin nasa. Yanzu gida yake so ya saya. Matsalar ita ce shi baƙo ne mai zaman igama, wato katin izinin zama. Ko an yarda ya saya da sunansa, sai harajin biyar cikin ɗari ya hau kansa, a kuma tambaye shi inda mai gadi ya samo kuɗin gida. Ɗan ƙasa kuwa, in gidansa ne na farko, hukuma ce ke ɗauke masa harajin.

Gogo 'yar ƙasa ce, duk kasuwa an sani. Ubanta ya zo hajji a ƙafa tun zamanin da, ya ƙi komawa, a nan aka haife ta. Hausarta ma rabi Larabci ce. Ba wanda ya taɓa jin an kira ta da wani suna in ba Gogo ba. Duk sanda Zayyanu ya zo sayen yaji ya gan ta a kan kwali tana korar ƙuda, sai takaici ya kama shi: katin ɗan ƙasa guda a hannun wadda ba ta san me ake yi da shi ba.

Da ya kawo mata maganar, bai ɓata lokacin lallashi ba. Za a sayi gidan da sunanta, ta dangwala hannu cewa nasa ne, shi kuma ya ba ta buhun shinkafa da ɗan na goro. Ta ƙare masa kallo, ta ce to.

Sun hau babban titi ke nan ta yi gyaran murya.

"Ɗana, albashin haris ne ya tara kuɗin gida?"

Ya fashe da dariya. Dama ya gaji da riƙe wayonsa shi kaɗai, kuma wa tsohuwa za ta faɗa wa? Ya ba ta labarin injin ruwan da ke mutuwa kowace bazara, alhali lafiyarsa ƙalau. Ya ba ta na fentin da ake biya ba a shafa ba. Mafi daɗi, ɗakunan saman bene: wakilin mai gida ya san a kulle suke saboda yoyo, shi kuwa ya cusa 'yan Maradi masu aikin gini a ciki, suna biyansa duk wata.

"Duka ukun?" in ji Gogo.

"Har ɗakin wanki ma. Ai kafilata, mai benen da ta tsaya mini na sami igama, wata Hajiya ce, ban taɓa ganin fuskarta ba. Dukiya ce ta faɗa hannun sakarya. Tana can tana barci cikin sanyin na'ura, mu muna ci."

Gogo ta jefa ƙwayar gyaɗa a baki, ta juya tana kallon dogayen benayen unguwar Ulaya.

A ofishin dillalan gidaje, ma'aikacin ya miƙe tsaye da suka shiga, ya sa aka kawo gahawa da dabino. Zayyanu ya gyara wuyan jallabiyarsa da ta sha guga. Ashe har Larabawa sun fara gane mutum. Shi ya fara kai hannu kan dabinon.

Da guntun Larabcinsa ya yi bayani: wannan baiwar Allah ce ke neman sauƙin harajin gidan farko, shi taimaka mata kawai yake yi, fisabilillahi. Gogo ta kwance ƙullin gyalenta, ta miƙa katin kai tsaye ga ma'aikacin. Mutumin ya dube ta, ya dubi Zayyanu, ya danna lambobin kamar mai cika umarni.

"Ba ta cancanta ba," ya ce. "Sauƙin na wanda bai taɓa mallakar gida ba ne."

Zayyanu ya ture kofin gahawa. Ya ce na'urarsu ce ta haukace. Ya ce su dubi silifas ɗinta, su shaƙi warin mayafinta, matar da ko rumfa ba ta da ita a kasuwa wane gida za ta mallaka? Ya juya kanta da Hausa, ya kira ta tsohuwar banza mai ƙashin tsiya, ya ce ko ƙwayar shinkafa ba za ta gani ba, kuma ta nemi motar da za ta mayar da ita.

Gogo ta sa hannu cikin mayafinta. Waya ta ciro, sabuwa fil, ta yi magana ƙasa-ƙasa da Larabcin da ya fi ƙarfin kunnensa. Kalma biyu kawai ya tsinta: mukullai, da yau.

Ya fizge katin daga kan tebur don ya nuna wa ma'aikacin inda ya yi kuskuren lamba. Idonsa ya sauka a kan rubutun, bakinsa ya tsaya a buɗe. Rabi'atu Maulud. Bai buƙaci kowa ya karanta masa ba, domin sunan ya yi shekaru a aljihunsa, a jikin igamarsa, a gurbin da ake rubuta kafili.