Daƙiƙin Gidan Hammajoda

Da keke napep ya sauke baƙon a ƙofar gida a Fadaman Mada, Hammajoda ya zagaya shi sau biyu kamar yadda yake zagaya saniya a kara, kasuwar shanu. Dogo ne, fari sol, da jaka a baya da sanƙo har ƙeya. Sanƙon nan bai kwanta masa a rai ba. Ɗalibin da gashinsa ya zube bai gama makaranta ba, ai ya sha maimaita aji.

Wata uku ke nan da jami'a ta tura 'yarsa Sa'adiyya ƙasar Hangari a shirin musayar ɗalibai. An ce masa namu su je can, nasu su zo nan, kuma ana roƙon iyayen da ke da ɗaki su sauki baƙo. Hammajoda bai yi boko ba, amma wannan harka ya san ta tun a rugar kakansa. Aron saniya ne. Ka riƙe ta mutum da kyau, ka mayar da ita da ƙiba. In ka mayar da ita a rame, kada ka sa ran ganin taka.

Sunan baƙon ya gagari bakin Kubura, matar gidan, sai ta mayar da shi Andarawus. Hausarsa ba ta wuce “sannu” da “na gode” ba. Turancin gidan kuwa ya tafi tare da Sa'adiyya.

Batun ƙiba bai ba da wahala ba. Fura da kindirmo safe da yamma, cikin wata guda maɓallin rigarsa ya fara neman agaji. Matsalar a kai take.

Wata Talata Hammajoda ya bi shi jami'a ya leƙa ta taga. Duk aji a zaune suna rubutu, Andarawus kaɗai aka tsayar a gaba, yana ta bayani yana share gumi. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta jefa masa tambaya, ya amsa, aji ya kwashe da dariya. Hammajoda ya koma Laraba, ya koma Alhamis. Kullum a tsaye. Ko a makarantar allo, wanda ake tsayarwa kullum an san ko wane ne.

Sai kuma takardun da yake kwasowa gida, tuli guda, duk jan biro. Hammajoda bai iya karatu ba, amma cinikin shanu ya koya masa lamba, kuma ya ga goma sha bakwai bisa ɗari da idonsa. Rubutun ma ba ya tsayawa wuri ɗaya, yau manya, gobe ƙanana, jibi kamar kaza ta yi tono. Abin da ya fi ƙona masa rai, rannan ya kama shi yana yi wa takarda jan biro da hannunsa. Yaro ya fid da rai har yana kayar da kansa tun malamai ba su gani ba! Ya ƙwace biron ya karya.

Daga ranar aka kafa doka. Bayan la'asar babu waya, babu yawo. Tabarma a gindin darbejiya, Andarawus da littafi, Hammajoda a kan kujera da sandar kiwo a cinya. Kubura ta shiga ɗura masa zabibi da zuma don buɗe ƙwaƙwalwa. Shi kuwa bawan Allah sai ya yi murmushi ya ce “na gode”, ya zaro ɗan littafi daga aljihu ya rubuta wani abu. Ladabi kam akwai, Allah ya ba shi.

Duk wannan Hammajoda bai faɗa wa Sa'adiyya ba, don kada hankalinta ya tashi. In ta tambaya a waya, sai ya ce baƙo lafiya, yana ci.

Ran Juma'a ta kira ta ce ta gama jarrabawa, saura sa hannu a kan sakamakonta, amma an ce sai ta jira. Hammajoda ya ajiye waya. Ya gane. Sun riƙe masa 'ya sai sun ga yadda nasu ya ƙare. Tsoro ya kama shi sosai, don Sa'adiyya ita kaɗai Allah ya bar masa.

Litinin da safe ya tsayar da keke, ya cusa ragon da zai kai gaisuwa, ya cusa Andarawus, ya shiga. A ofishin shirin musaya suka tarar da Malama Lilian, wadda ke kula da baƙi. Hammajoda ya danna kafaɗar Andarawus har ya tsuguna, ya kama masa kunne, shi ma ya durƙusa.

“Ranki ya daɗe, na kawo ƙoƙon bara. Yaron nan ba ya sata, ba ya shaye-shaye, kai ne kawai babu. Na yi iya yina. Ku taimaka ku ba shi ko da hamsin ne, ya koma wa iyayensa da mutunci, su sako mini 'yata.”

Andarawus ya ɗago daga inda yake tsugune ya ce, “Na gode.”

Malama Lilian ta miƙe a hankali. Ta dubi ragon, wanda ya riga ya fara cin wata takarda a kan teburinta. Ta dubi sanƙon, ta dubi hannun da ke riƙe da kunnen, sannan ta ce:

“Baba, don girman Allah saki kunnen Farfesa. Shi ne shugaban shirin gaba ɗaya, kuma sa hannunsa Sa'adiyya take jira.”