Babi na Uku

Shekara biyu na yi ina rubuta kundin digirina a kan yadda Fafaroma ya riƙa juya majami'un Turai daga birnin Rum, shekaru dubu da suka wuce, da wasiƙa kawai. Bishop, wato babban limamin coci, yana can bayan duniya, bai taɓa ganin fuskar Fafaroma ba, amma da ya ga hatimi sai ya bi umarni a tsorace.

Babi na uku ne abin alfaharina: labarin wasu limaman coci da suka ƙirƙiri wasiƙun ƙarya da sunan fafaromomin da suka daɗe da mutuwa, aka yi ɗaruruwan shekaru ana bin su. Matata Hamdiyya, mai shagon buga takardu a Tambuwal, ita ta buga min kundin, ina tsaye a kanta ina yi wa Turawa dariya. Mutum da gemunsa, a ce takarda ta tsorata shi!

A lokacin ni ne shugaban wata sakandare a wani ƙauye bayan Kebbe. Shugaba a suna dai. Hanyar ba kyau, don haka nakan je Talata in dawo Laraba, sauran kwanakin ina ƙofar gida ina koya wa 'yan majalisa tarihin da ba su tambaye ni ba.

Wata Litinin, Bube ɗan kabu-kabu ya miƙo min ambulan, ya ce a tasha aka ba shi. Daga hedikwatarmu ta Sakkwato ce. An samu labarin ba na zama wurin aiki; in aka zo ba a same ni ba, a bakin kujerata. Ga hatimi, ga sa hannu, ga wani siririn baƙin layi a gefen takardar, wanda na ɗauka sabon salon gwamnati ne.

Ko abincin rana ban tsaya ci ba. Na isko Hamdiyya har ta haɗa min jaka.

Wasiƙa ta biyu ta ce in gyara rufin aji uku. Da kaina na hau tsani, ni da nake tsoron hawa kujera. Zango guda ina kwana kan tabarma a ofis, har yara suka daina tambayar ko ni baƙo ne.

Da aka yi hutu na kwashi wasiƙun sai Sakkwato, don in nuna na bi umarni. Sakataren ya juya su gaba da baya.

"Malam, ba mu munka rubuta waɗanga ba. Amma ka gode Allah. Randa munka zo ba sanarwa, kai kaɗai munka iske bakin aiki. Sauran shugabannin makarantu ukku da munka duba an sauke su."

Raina ya ɓaci, kunya kuma ta fi ɓacin ran yawa. Na wuce shagon Hamdiyya ina rantsuwa sai na gano ɗan damfarar da ya yi wasa da mai ilimi irina. Tsohuwar firintarta na fitar da katin gayyatar wani biki, kowanne da siririn baƙin layi a gefe. Ko kai ba ta ɗago ba.

"Babi na ukku ne, Malam. Sau fuɗu kas sa ni buga shi."