Daɓen Gida Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Ejvind Thorup ya durƙusa a tsakiyar falon, ya shafa tafin hannunsa a kan daɓen katakon, ya ja tsaki. Shekara arba'in da shida yana wannan sana'a a garin Svendborg, har hannunsa ya fi idonsa gani. Katakon na asali ne, mai tauri, irin wanda ba a samu yanzu. Amma wani ya bi shi da injin gugar katako kamar mai yin kunyar dawa: nan tudu, can kwari, kusa da taga kuma rami guda inda aka bar injin yana ci a tsaye.

Mai gidan, Uwargida Bodil Krogh, ta ajiye masa kofi a bakin taga, baƙi, da sukari biyu, ba ta ko tambaye shi yadda yake so ba. Ta ce abu ɗaya take son ji, a goge ko a cire. Ɗanta yana so a ɓamɓare duka a shimfiɗa na zamani. Ita kuwa a wannan falon mijinta ya yi jinyarsa ta ƙarshe, ba ta son ganin katakon a motar shara.

Ejvind ya zura bakin wuƙarsa tsakanin katako biyu, ya auna. Abin da ya rage a sama bai wuce kaurin farce biyu ba. Kawunan ƙusoshi har sun fara leƙowa. Daɓe irin wannan yakan ɗauki guga biyar kafin ya ƙare. Wannan kuwa an cinye masa uku a wuni ɗaya.

Ya ce, "Ba tsufa ya kashe shi ba, Uwargida. Kisa aka yi masa. Kuma na san wanda ya yi."

Preben ne, mijin ƙanwarsa Grethe. A da tare suke aiki, mota ɗaya, sunayensu biyu a jikinta. A shekarar 1993 suka karɓi aikin gidaje shida na wannan layi, duk gini iri ɗaya, suka raba uku-uku. Bayan wata guda ƙorafi ya zo daga lamba goma sha huɗu, wato wannan gidan. Preben bai yi gardama ba. Ya tsaya a ƙofar shagonsu da hularsa a hannu, ya ce a yi haƙuri. Makon bai ƙare ba Ejvind ya kankare sunan Preben daga jikin motar, ya kuma gaya wa duk wanda ya tambaya dalili. Shekarar ce Ejvind ya binne matarsa Inger, shekarar da bai cika son tunawa ba, rabinta ma giya ta shafe masa. Wannan dai bai manta ba.

Tun daga nan ko a coci suka haɗu ba sa gaisawa. Ran Kirsimeti Grethe takan zo ita kaɗai da biredinta, ta zauna a gefen kujera da rigar sanyi a jikinta, ta koma da wuri. Ranar Asabar mai zuwa Preben zai cika saba'in. An kama zaure, za a ci abinci, a yi ta jawabai kamar yadda aka saba. Sau huɗu Grethe tana kiransa a waya tana roƙo, sau huɗu yana ce mata yana da aiki.

Yanzu dai Ejvind ya ga ɓarnar da idonsa a karo na farko. Mutanen gari sun daɗe suna cewa ya yi wa surukinsa tsauri. To, za su gani.

"Zan je bikin," in ji shi. "Har jawabi zan yi. Da tsaraba ma."

Ya jawo akwatin kayansa zuwa ƙofar falon. Kowane mai wannan sana'a ya san al'adar: in ka gama gugar ɗaki, sai ka ɗaga dokin ƙofa ka rubuta sunanka da shekara a bayansa da fensir, don na baya ya san guga nawa aka yi. Ko jaki ne ya yi aikin, sai ya sa hannu. Wannan ɗan katakon zai naɗe a takarda mai kyau, ya miƙa wa Preben a gaban mutum sittin.

Uwargida Bodil ta taso da sauri fiye da yadda shekarunta suka yarda. Ta ce ta haƙura, a cire daɓen duka, ɗanta ya fi ta gaskiya. Dokin ƙofar kawai za a bar mata a wurinsa.

"Kin ji irinku ke nan," ya ce, yana cusa ƙarfe a ƙarƙashin katakon. "Ya lalata miki ɗaki, kina kare shi. Ita ma Grethe haka. Mutumin nan da wane asiri ya kama ku? Da wannan fuskar tasa ta limamin da ya rasa coci?"

"Malam Thorup, ka bari."

Ƙusa ta farko ta fito da ƙara, ta biyu ta biyo ta. Ƙurar shekara talatin ta tashi, ya kawar da fuska yana tari. Ya lalubo tabarau a aljihun gaba, ya goge shi da gefen riga, a hankali, don yana son ya ji daɗin karatun.

Matar ta koma kujera ta zauna. Ba ta kalle shi ba da ta yi magana.

"Preben ne ya zo ya roƙe ni da marigayi mu ce shi ya yi aikin. Ya ce abin da kake ciki ya ishe ka."

Ejvind ya juya katakon wajen haske. Layi uku ne a rubuce, biyu na mutanen da suka daɗe da mutuwa. Na ukun ya karkace, fensir ya zame sau biyu kamar hannun da kwalbar giya ta riga ta karya tun da safe, amma yana karantuwa sarai: 1993, Ejvind Thorup.