Shuɗin Alli a Jerin Mai Aski

Ranar Litinin aka fara ganin shuɗin alli a kan jerin mai aski.

Jerin nan ba ƙaramin abu ba ne a unguwar. Takarda ce manne a gefen madubi, tana nuna yadda za a bi fim ɗin mahaƙa zinariya mai kashi tara, wanne za a fara, wanne za a bari sai ƙarshe. Saboda irinta ake kiran mai askin Gwani. Mutane kan zo da gashin da bai isa aski ba, don dai su ɗauki hotonta. In aka tambaye shi yadda wani fim ya ƙare, sai ya kaɗa almakashi ya ce shi ba ya ɓata wa mutane kallo.

To, wani ya ja kibiya daga ƙasan jerin zuwa sama, wai kashi huɗun ƙarshe su ne na farko.

A duk layin mutum ɗaya ke da shuɗin alli: tela, yayan matar Gwani, wanda ya raɓa da keken ɗinkinsa a rabin shagon.

"Malam tela," in ji Gwani, ya ajiye "Yaya" ɗin da ya saba, "wandon mutane ya ƙare ne ka koma yi wa ilimina kalmasa?"

"Ilimin da ya fara da jana'izar mutum, sannan a kashi na gaba a gan shi yana shan shayi?"

Masu jiran aski suka tuntsire. Gwani bai yi dariya ba. Ya sake kwafe takardar, ya manna. Laraba kibiyar ta dawo. Ya daina amsa gaisuwar tela, ya juya fanka ta daina kaiwa wajen keke. Ko abincin da matarsa ke kawo musu a kwano ɗaya, ya ce a raba biyu. Ta raba, ta tsaya tana duban madubi, ta tafi.

"In na sake gani," Gwani ya ce wa tela ranar Alhamis, "ka nemi inda za ka kai kekenka."

Shekara goma sha ɗaya tela ya yi a wannan lungu, duk masu kawo masa ɗinki nan suka sani. Ya zazzage aljihun kekensa yana neman allin don ya jefar kowa ya huta, bai same shi ba. Ya rasa wa ya ara wa.

Washegari ya yi sammako, ya tarar da ƙofa a buɗe, tsintsiya jingine da kujerar aski. Ƙanwarsa, matar Gwani, na tsaye gaban madubi, yatsunta shuɗi.

"Ke! Kora ta za ki sa a yi?"

"Yi haƙuri, Yaya. Sau uku ina faɗa masa a gida, ya ce Gwani ba ya canja magana a gaban mutane."

"To ina ruwanki da jerinsa?"

Ta ƙarasa kan kibiyar a nutse, ta miƙa masa allinsa.

"Jerinsa? Mutumin da ko sunayen 'yan wasa ba a gama nunawa yake fara minshari? Shekara shida ni nake kallo ina rubuta masa, wannan karon ne ya fara kwafa daga bayan takardar da na ba shi."