Kiran da Atika Ta Yi wa Babanta

Wayar tarhon da Malam Uwaisu yake koyarwa da ita ko igiya ba ta da. Matacciya ce, wani ofis a Bompai ya yar, shi kuma ya tsinto ya goge. Da ita yake nuna wa 'yan aji ɗaya na sakandare yadda ake juya lamba, a yi sallama, a faɗi suna.

"Wannan abu," in ji shi, "komai nisan mutum, sai ya zuba masa muryarka cikin kunne."

Wata 'yar siririya mai suna Atika ta ɗaga hannu. "Malam, kowa da kowa yana ji?"

"Kowa da kowa."

Shi ke nan fa, yarinya ta zame masa ƙarfen ƙafa. In an fita tara, yara na can wajen mai gurasa, ita tana manne da matacciyar waya, tana magana, ɗaya hannun yana ta yawo a iska. Malam ya yi faɗa har ya gaji: "Ke, ajiye hannun nan! Waya ba ta gani."

Da ƙarshen zango ya zo, shugaban makaranta ya yarda duk wanda ya fi ƙwazo ya yi kira da waya ta gaske a ofishinsa. Atika ta cinye, babu ko ja. Aka tambaye ta wa za ta kira, ta ce babanta, Malam Ashafa, mai aiki a wata masaƙa a Sharaɗa. Burinta ke nan duk duniya, babanta ya ji ta.

Ranar ta zo da hijabi wankakke. Ita ta juya lambar da kanta, Malam ya karɓa ya roƙi Idrisu, akawun masaƙar, ya kira musu Ashafa.

"Ashafa? A waya?" in ji Idrisu.

"Taimaka dai, 'yarsa ce."

Da aka kira shi, Atika ta yi sallama tsaf yadda aka koya mata. "Baba, ni ce Atika. Kuna ji na?"

Shiru, sai rugugin injuna daga can nesa. Ta ɗaga murya, ta sake, ta kuma sakewa har jijiyar wuyanta ta tashi. Hawaye suka wanke mata fuska. Wallahi abin ya ƙona wa Malam Uwaisu rai. Wane irin uba ne wannan? Ya fizge wayar.

"Haba Malam Ashafa! Ko kalma ɗaya?"

"Malam, ni ne Idrisu," aka amsa a sanyaye. "Ga shi nan tsaye, na kwatanta masa da hannu 'yarsa ce, sai kuka yake. Ƙarar injin saƙa ta kashe masa kunne tun kafin a haifi yarinyar nan, bai taɓa jin muryarta ba."